Furen Kiku a Wutsiyar Takobin Hibino

Litinin, 9 ga Oktoba, 1995

Hibino-san ya kawo takobin gidansu da hantsi, naɗe cikin shuɗin ƙyalle. Shekararsa saba'in da huɗu, amma da ƙafa ya hawo tudun nan. Kuben ajiya ne ya tsage, farin itacen ya buɗe baki daga sama har tsakiya. Yana so a yi sabo, a sake rubuta shaidar Baba ta mai duba takubba a jikinsa, don ranar 23 ga watan gobe, a bikin godiyar girbi, zai miƙa takobin ga haikalin unguwa. Wai 'ya'yansa duk suna Tokyo, ba mai shafa masa mai in ya mutu.

"Kinuyo-chan, har yanzu kina nan?" Shekarata arba'in da huɗu, har yanzu chan, kamar wata ƙaramar yarinya. Na ce ina nan, ina zan je?

Baba ya yi wasansa na kullum. Ya rusuna wa takobin, ya ciji takarda don kada numfashi ya taɓa ƙarfe, ya ɗaga shi wajen taga yana juyawa yana gyaɗa kai. Ba abin da yake gani. Shekara shida ke nan tsakiyar idonsa ta mutu, sai gefe-gefe, kuma duk garin Seki ni kaɗai na sani. Ya ce a bar mana shi. Kullum haka ne: a bar mana shi, in duba, in rubuta a kube da irin rubutunsa, in sa sunansa, shi kuma a yi masa godiya.

Da za su rabu Hibino-san ya ce, "Sadaji, ka tsufa, hannunka na rawa." Baba ya ce, "Kai ka fara, tun muna aji uku kake rawar hannu." Suka yi ta dariya.

Talata, 10 ga Oktoba

Muna karin safe, Baba yana laluben kwanon miya, ya ce: "Wannan karon ki sa sunanki."

Na ɗauka kunnena ne. Ya maimaita. Kuwabara Kinuyo, a jikin kube, da hatimin gidan.

Na zo ne don addu'ar kwana arba'in da tara ta Mama, da jaka ɗaya. Na ce wa maɗaba'ar Nagoya su riƙe mini kujerata wata biyu. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Na shiga ɗakin ajiya na rufe ƙofa na yi kuka kamar yarinya, sannan na fito na wanke kwanoni.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Na cire ɗan tsinken gora, na zare ƙota. Wutsiyar ƙarfen, wadda ke shiga cikin ƙotar, baƙa wuluk, tsatsar da ba a taɓa gogewa ba, yadda ake so. Wanda ya goge wutsiyar takobi ya kashe shi, tun ban san hagu da dama ba ake gaya mini.

A sama furen kiku, tambarin gidan sarki, ganye goma sha shida, na ƙirga sau uku. A ƙasa sunan Michikage na Kyoto, ɗaya daga cikin maƙeran da fadar sarki ta yarje wa sassaƙa furenta. A tsohon kuben, rubutun Baba na 1958, lokacin hannunsa yana da ƙarfi: "Michikage. Suna na gaskiya, fure na gaskiya."

Na ɗora takarda na murza tawada na ɗauki kwafi, na ajiye shi kusa da kwafi huɗu na Michikage da ke cikin littafin Baba. Sunan ya yi daidai, har da yadda yake lanƙwasa harafin ƙarshe. Furen ne ya hana ni sakat. Michikage yana jan kowane ganye da bugu ɗaya, ya bar bakin ya sirance da kansa. Wannan kuwa, a bakin kowane ganye akwai ɗan bugun kurfi biyu, tik-tik, an rufe shi. Tsatsar cikin layukan ma ta fi ta gefe ja. Kuma jikin ƙarfen na nan gida ne, irin na maƙeran yankinmu na Mino, ko makaho ya shafa zai... To.

Wataƙila gajiya ce.

Asabar, 14 ga Oktoba

Ba gajiya ba ce. Na sake dubawa da hasken safe.

Litinin, 16 ga Oktoba

Ina yankan awara da wuƙar Kakata, wadda nake riƙewa sau uku a rana tun zuwana. Kakana Genroku ne ya ƙera mata, ya sassaƙa ɗan fure mai ganye biyar kusa da ƙota. Babban yatsana yana kan furen kamar kullum. Sai na tsaya.

Tik-tik. A bakin kowane ganye.

Na tafi ɗakin aiki da wuƙar a hannu, awara na zuba, na ajiye ta gefen wutsiyar takobin. Hannu ɗaya ne. Kai! Kakan da ke ɗaukata a wuya zuwa kallon masu sa tsuntsaye su kamo musu kifi a kogin Nagara, shi ya saci furen sarki ya manna wa takobin maƙwabci.

Miyar ta ƙone. Baba ya sha a haka.

Laraba, 18 ga Oktoba

Kwana biyu ina zagaye maganar. Yau na kama hannun Baba na ɗora yatsansa a kan furen takobin, sannan a kan furen wuƙar. Bai ma bari na kai shi na biyun ba, ya janye.

"Kwana nawa ya ɗauke ki?"

Na ce huɗu.

"Ni na zata biyu."

Ashe ya sani. Tun 1958 ya sani, ya zauna ya rubuta "na gaskiya" da wannan kyakkyawan rubutun da na ɓata shekaru ina kwaikwayo. Na ce Baba, shi ya sa ka ce in sa sunana? Ya ce, "Ubana ya ɗora mini, ni na ɗora miki. Wanda ya ɗauki hatimin gidan nan da wannan yake ɗauka. Ki kwafi abin da na rubuta, ki sa sunanki, shi ke nan."

Na ce haikali fa za a kai shi. A gaban alloli za a karanta.

"Alloli sun daɗe da sani," in ji shi. Ya nemi in miƙo masa rediyo.

Kyautar da na jira shekara goma sha ɗaya ke nan. In na rubuta, sunana na farko a duniya ƙarya ne, kuma ba zan taɓa iya buɗe baki a kan kowa ba, har in mutu a ɗakin nan. In na ƙi, na tona ubana da kakana a gari ɗaya, a gaban abokinsa na yarinta.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Ƙanena Osamu ya bugo daga Nagoya. Ban faɗa masa duka ba, na ce akwai rubutun da ban yarda da shi ba. "Yaya, itace ne fa. Ki rubuta kawai, wa zai karanta?" Ana jin muryar talabijin a bayansa. Ya ce zai zo sabuwar shekara in aiki ya bari. Bara ma aikin bai bari ba.

Na fere kanya arba'in na rataye a bakin rufi. Aikin da ba ya buƙatar tunani.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Ban tambayi Baba ba. Ina yanke masa farce a baranda da rana, ya fara magana yana kallon inda ba ya gani.

Bayan an sha kashi a yaƙin duniya na biyu, aka ce kowa ya kai takobinsa ofishin 'yan sanda. Ana lodawa a mota, wasu a narka, wasu a zuba a teku. Sai wanda masu dubawa suka ce aikin babban maƙeri ne, shi ake ba wa takarda ya koma gida. Takobin gidan Hibino ba shi da suna ko ɗaya a wutsiya, na sojan ƙauye ne tun zamanin yaƙe-yaƙen da. Tsoho Ushimatsu, mahaifin Hibino-san, ya zo maƙerar Kaka da shi cikin buhun shinkafa. Gidansu ya ƙone, matarsa ta rasu, ɗansa yana hannun Rasha a Siberiya, ba wanda ya san ko yana raye.

"Cewa ya yi, Genroku, in yaron nan ya dawo, ina so ya tarar da abu ɗaya da ya sani."

Kaka ya yi kwana uku yana koyon sunan Michikage a kan tsohuwar garma kafin ya taɓa takobin. Suka jiƙa sabbin layukan da ruwan gishiri da shayi, suka binne wutsiyar a toka don ta yi tsatsa. Mai dubawa yana ganin furen ya rusuna, bai ƙara kallo ba.

Hibino-san ya dawo bayan shekara uku, ba haƙora huɗu, ya tarar da uban da takobin. Uban ya ce masa wai wani ubangida ne ya ba kakansu. Da wannan labarin ya rayu. Ushimatsu ya mutu bai warware ba.

Na ce, to Baba, me ya hana ka gaya masa?

"Ranar da ya kawo mini shi ya ce, Sadaji, kai kaɗai na yarda da idonka. Ke da me za ki ce?"

Na yanke masa nama a ƙaramin yatsa. Ban yi da gangan ba, ina jin.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Mai kube ya aiko sabon. Fari fat, santsi, yana ƙamshin itace. Na sa shi a kan kanta na juya masa baya.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Akwai hanya ta uku, duk mai wannan sana'a ya san ta. In suna ya zama na ƙarya, a kai wa maƙeri ya daddaka shi da guduma, ya shafe, a mayar da tsatsa, takobi ya koma marar suna, kowa ya huta. Na ɗauko wutsiyar na daɗe ina kallo. Ganye goma sha shida, kowanne da tik-tik ɗinsa, mutum yana tsoron kamu amma bai iya barin ɗabi'ar hannunsa ba. Ba zan iya ba da hannun Kaka a daka ba. Kuma ai Hibino-san zai tambaya ina furen ya tafi.

Talata, 7 ga Nuwamba

Na niƙa tawada, na ɗauki alƙalamin gashi, na gwada rubuta sunana a tsohuwar jarida. Kuwabara Kinuyo. Sau ashirin. Duk na Baba ne ya fito: jan nan nasa na hagu, da yadda yake danne ƙarshen layi. Na buɗe wannan littafin daga farko, shi ma da rubutunsa na cika shi. Har takardar da nake bar wa mai awara a ƙofa.

Na nemi wasiƙun da nake aiko wa Mama daga Nagoya don in ga yadda nake rubutu a da. Ban same su ba. Tir.

Litinin, 13 ga Nuwamba

Hibino-san ya leƙo da tukunyar kiku fari, irin manyan nan da yake kaiwa gasa. "Na Kinuyo-chan ne. Sadaji ya gaya mini ke za ki sa hannu. Takobina ne na farko, ko? To na yi sa'a." Ya ce malamin haikali zai karanta rubutun kuben da ƙarfi, har da sunana, kuma ya gayyato 'yan uwansa fursunonin Siberiya da suka rage, mutum uku.

Na yi godiya. Na rusuna har ƙasa don kada ya ga fuskata.

Baba kuwa ya riga ya faɗa masa don ya rufe mini ƙofa. Tsohon nan ba ya gani, amma ya san inda ake ɗaure mutum.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Jirgin ƙasa na ƙarfe tara da ashirin yana zuwa Gifu, daga can Nagoya. Na tsaya a tasha da jakar cefane har ya wuce. Wa zai dafa wa Baba?

Jumma'a, 17 ga Nuwamba

Na rubuta. Da safe, ƙofa a buɗe, Baba yana jin ƙarar niƙan tawada daga baranda.

"Ƙarfe: aikin Mino, maƙeri bai sa suna ba, ya kai shekara ɗari huɗu, lafiyayye. Fure da sunan Michikage: Kuwabara Genroku ne ya sassaƙa a Fabrairun 1946, bisa roƙon Hibino Ushimatsu, don ɗansa ya dawo ya same shi. Kuwabara Kinuyo ta duba, ta rubuta."

Layi na biyu ya karkace. Tawada a kan wannan itacen ba ta goguwa.

Baba ya ce daga waje, "Rubutun ya yi tsawo." Ya ƙirga jan alƙalami da kunne.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Na kai wa Hibino-san gida da kaina bayan azahar, lokacin da ya gama da furanninsa. Ya sa tabarau, ya karanta a tsaye. Ya zauna ya sake karantawa.

"Wannan wane irin wasa ne?"

Na fito da wuƙar Kakata daga jaka, na nuna masa. Na ba shi labarin yadda Baba ya ba ni, har da buhun shinkafa. Ban iya faɗi da kyau ba, na yi ta haɗa gaba da baya.

"Shekara hamsin," in ji shi. "Shekara hamsin ina kawo baƙi gidanku ina cika baki, ubanki yana gyaɗa mini kai. Duk sabuwar shekara ina sa jikokina su rusuna wa furen sarki, ashe furen Genroku mai garma ne." Fuskarsa ta yi ja har kunne. Na kifa goshi a tabarma na ba da haƙuri, ban san ma a madadin wa ba.

Ya sake jawo kuben. Sai na ji ya ce, ba da ni yake ba, "Don ya dawo ya same shi." Ya sa yatsa a kan layin da ya karkace.

Bai ba ni shayi ba. A ƙofa ya ce, "Ki gaida gida, Kuwabara-san." Kira irin wanda ake yi wa baƙo. Da ma chan ɗin ya ce.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

An yi bikin, ana jin ganga daga nan. Ba a miƙa takobi ba. Mai awara ya ce Hibino-san ya je da sabuwar shinkafa kawai, da malamin haikali ya tambaye shi sai ya ce alloli suna da takubba da yawa, wannan nasa ne, ubansa ya ajiye masa.

Kwana shida Baba bai ce mini uffan ba. In yana son shayi, kofi yake bugawa a tebur.

Talata, 28 ga Nuwamba

Magana ta zaga gari, dole. Wani likitan haƙori da ya bar mana gajeren takobi tun Satumba ya aiko matarsa ta karɓa, wai sun fasa. Tana ta rusunawa, ta ƙi kallona. Wani daga Gifu ya bugo yana tambaya ko shaidar da Sensei, wato Baba, ya rubuta masa a 1971 ita ma "irin waccan" ce. Na ce ya kawo in duba. Ya ajiye waya.

Na kashe gidan da hannuna, kuma ga ni har yanzu a cikinsa, ina dafa wa mutumin da ba ya yi mini magana. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, ban san wanne ya fi ba.

Kikun Hibino-san ya fara zubar da ganye. Ina ba shi ruwa duk da haka.

Litinin, 4 ga Disamba

Ina sauke kanyar da ta bushe, Baba ya ce daga bayana, muryar ta dishe don rashin amfani: "Karanta mini."

Na ce kuben yana can.

"Kin haddace. Karanta."

Na karanta masa daga ka, kwandon yana hannuna. Ya saurara ido a rufe.

"Janairu ne. Ranar akwai dusar ƙanƙara, ruwan gishirin yana daskarewa." Ya yi tari. "Kuma kin bar suna ɗaya. Wa kike jin ya riƙe ƙarfen yana bugawa? Mai duba takobi ba ya rubuta rabin magana."

Na ce na bar shi ne da gangan.

"Na sani. Shi ya sa nake gaya miki aikin bai cika ba. Ɗauko mini babbar riga gobe."

Talata, 5 ga Disamba

Mun je. A da Baba ya saba tafiya gabana da sanda, yana ƙirga taku don kada a gane. Yau a bakin ƙofa ya kama gwiwar hannuna, bai saki ba har kasuwa, a gaban mai awara da kowa. Matar mai magani ta gaishe shi, ya ce, "Wace ce? Ki yi haƙuri, shekara shida ba na gani."

Hibino-san ya bar mu tsaye a zaure har ƙafata ta yi sanyi, sannan ya ce mu shigo. Baba ya durƙusa ya kifa kai, ya ƙi ɗagowa. Hibino-san ya ce, "Tashi, tsohon banza, za ka ɓata mini tabarma." Bai yi dariya ba. Amma ya ɗauko kuben, kuma shi ya riƙe mini shi a kan gwiwarsa. Na ja layi a kan Fabrairu na sa Janairu a gefe. A ƙasan sunan Kaka na ƙara: "Ɗansa Sadaji ya riƙe ƙarfen, ya kuma rubuta shaidar ƙarya a 1958." Baba ne ya faɗi kalmomin, ni na so in sassauta, ya hana.

An kawo shayi. Ba wanda ya sha.

Laraba, 6 ga Disamba

Ba abin da ya canza. Na tashi ƙarfe biyar, shinkafa, miya, maganin ido. Ba takobin kowa a ɗakin aiki. Jirgin tara da ashirin ya wuce, na ji shi daga wajen wanki, ban duba agogo ba sai daga baya.

Baba ya ce in karanta masa takardar da na bar wa mai awara, wai mai awaran ya tambaye shi ko mun yi baƙuwa, don bai gane rubutun ba. Na je na ɗauko. Karkatacce ne, ƙanana-ƙanana, duk ya jingina dama, muni kamar na 'yar makaranta. Na duba shafin jiya a littafin nan, shi ma haka.

Awara biyu na rubuta. Gobe zan ce ya kawo uku, ko Hibino-san zai biyo.